Yadda na mayar da jikina bayan likita ya raba ni da alkama

A Katsina idan mace ta rame, kowa sai ya zama likita. Wadda kuka haɗu a gidan suna ta ce tsutsar ciki ce, ta gidan biki ta ce shawara ce, a jiƙa saiwa kaza a sha. Wata kuma ba za ta ce uffan ba, sai ta bi ki da ido daga sama har ƙasa, ke ma kin san lissafin da take yi: ko maigidan ba ya ciyar da ke, ko yana shirin ƙaro miki abokiyar zama, ko kuma ciwon nan ne da ba a son kiran sunansa. Duk na sha wannan kallo. Ni malamar firamare ce, 'ya'yana biyu, kuma tun bayan haihuwar na biyun jikina ya fara zubewa. Ba rashin ci ba ne. Ina ci sosai, har Baban yara kan yi mini tsiya wai shi dai a nuna masa inda abincin yake tafiya. Amma ciki kullum a kumbure, zawo yau da gobe, gyambon baki kafin wannan ya warke wani ya fito, ga jiri in na daɗe tsaye gaban allo. Rigunana sai da tela ya rage su, ya sake ragewa.

An yi mini maganin taifot har na gaji, an yi na olsa, na sha maganin ƙarin jini kwalba-kwalba. An gwada ƙanjamau, an gwada tarin fuka, da ciwon suga, da maƙoƙo, duk babu. Inna ta karɓo rubutu, na sha. Ana cikin haka Allah ya haɗa ni da wani likita a babban asibiti, wanda ya karanta fayil ɗina tun daga bangon farko, sannan ya yi mini tambayar da ba a taɓa yi mini ba.

"Malama, faɗa mini abin da kika ci jiya, tun daga safe har kika kwanta."

Na ce shayi da burodi da safe, a makaranta na sayi fanke, da rana taliya da manja da yaji, da dare tuwon semo.

"Shekaranjiya fa?"

Na ce kusan haka ne, sai dai indomi a madadin taliya. Ya ajiye biro ya ce, "Kin lura duk abin da kika lissafa ɗiyan alkama ne?"

Ya yi mini bayani cewa a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai akwai furotin mai suna gulutin, shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana jawuwa. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Amma kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, garkuwar jikinsu tana ɗaukarsa abokin gaba, garin yaƙarsa sai ta ɓarnata bangon ƙaramin hanji. Sunan cutar siliyak, kuma sai wanda ya gaji halinta a jini take kamawa. Ya ce in ɗauka cikin hanji sabon tawul ne mai gashi-gashi, da gashin nan yake tsotse amfanin abinci ya miƙa wa jini. Idan cutar ta daɗe, sai ya koma tsohon tawul da ya goge, ko an zuba masa ruwa ta kai zai bi ya wuce.

Ina jin haka na ce to daga yau na bar burodi. Ya ɗaga hannu. "Kada ki kuskura. Ki ci gaba da ci har mu gama gwaji." Dalili kuwa shi ne abin da ake nema a jinin, wanda suke kira tTG, yana raguwa da zarar mutum ya daina cin alkama, sai gwaji ya nuna lafiya lau alhali cutar tana nan. An ɗebi jini aka aika da shi wani gari, muka yi zaman jira. Da ya dawo ya nuna akwai, sai aka tura ni Kano. Can aka ce kada in karya kumallo, aka fesa mini wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, aka zura siririn bututu mai kyamara ta baki har hanji, aka ɗan tsinko nama ƙanana don a duba. Ba daɗi, amma ba a daɗe ba. Sakamakon ya tabbatar da abin da jini ya faɗa.

Ranar da muka kai wa surukata labari, sai ta tafa hannu.

"Ke ɗiyar nan, yaushe alkama ta zama guba? Abincin sarakuna? Wannan ai cutar Turawa ce, mi ya haɗa ki da ita?"

Baban yara ne ya ba ta amsa, don shi ya kwana yana karatu a waya. Ya ce, "Hajiya, ai inda aka taɓa samun cutar nan da yawa a Afirka ne." Ya ba ta labarin 'yan Sahrawi da ke zaune a sansanin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya, waɗanda fulawa ta zama babban abincinsu, a binciken da aka fitar a 1999 an samu cutar a jikin kashi 5.6 cikin 100 na yaran da aka gwada. Hajiya ta ce Allah ya sawwaƙe, amma na ga alamar ba ta gama yarda ba. Inna kuwa nata ra'ayin daban. Ta ce a zamaninsu alkama sai da salla ko biki ake ganinta, a yi alkaki da funkaso, a ci a manta sai wata shekara. "Ku ne kuka mai da ta abincin safe da rana da dare." Ban ja da ita ba. Alkamar da muke ci ma mafi yawanta daga ƙasashen waje ake shigo da ita, amma ta mamaye mana kicin har mun manta akwai gero.

Ma'aikaciyar sashen abinci ta asibitin ita ce ta ɗora ni a hanya. Ta auna tsayina, mita 1.60, ta auna nauyi, kilo 43. Ta raba nauyin da tsayi sau tsayi, ya ba da 16.8. Ta ce duk abin da ya gaza 18.5 rama ce, wato ni sai na haura kilo 47 kafin ma a ce na shiga sahun masu lafiya. Sannan ta ce aiki biyu ne a gabana, kuma a jere suke. Na farko hanji ya warke, na biyu a ƙara abinci. "In kika sa na biyun a gaba, Malama, asarar kuɗin cefane kawai za ki yi."

Ta fara lissafa abin da na rabu da shi har abada, don cutar ba ta da ƙwaya ko allura, barin gulutin shi ne maganin: burodi, taliya ta leda da 'yar murji, makaroni, indomi, semo, kuskus, gurasa, alkubus, funkaso, fanke, cincin, dubulan, alkaki, biskit, kek. Tana faɗa ina jin kamar in yi kuka. Da ta juya takardar ta fara lissafa abin da ya rage mini, sai na ga ashe rumbun gidanmu ne gaba ɗaya: gero, maiwa, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, gurjiya, waken suya, gyaɗa, riɗi, aya, rogo, doya, dankali, gwaza, nama, kifi, ƙwai, nono, da duk wani ganye da ɗan itace. A wani babban kanti na taɓa ganin biskit ɗan waje da aka rubuta ba shi da gulutin, kuɗin ƙaramin kwalinsa ya fi na tiyar gero. Na mayar da shi inda na ɗauko. Wanda ke zaune a ƙasar gero da dawa ba shi da buƙatarsa, kuma in ka karanta bayan kwalin, sitaci ne da sukari.

Barin burodi bai ba ni wahala kamar yadda na zata ba. Alkamar da ba a gani ita ce ta wahalar da ni.

Ɗanwake shi ne na farko. Muna ce masa ɗanwake, amma na sayarwa da yawa fulawa ta fi wake yawa a ciki, wani ma fulawa ce zalla da kuka da kanwa. Masa ta shinkafa ce, amma akwai masu zuba fulawa ko semo a ƙullin don ta yi auki. Kifin da ake soyawa a bakin titi da yamma sau da yawa sai an barbaɗe shi da fulawa. Ƙosai kuwa wake ne tsantsa, amma mai ƙosan unguwarmu kasko ɗaya take soya shi da fanke, mai ɗaya, matsami ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano na miya wasu akwai fulawa a ciki, wasu babu, sai an karanta. Haka lemon malt da garin shayi mai malt: wani da dawa ake yinsa, wani da sha'ir. Na zama mai tsayawa a shago ina juya kwali ina ƙanƙance ido, mai shago yana jira. Inda rubutun bai fito fili ba sai in haƙura. Miyata ta koma hannun daddawa da busasshen kifi da albasa, kuma har ga Allah ta fi da daɗi.

Sai maganar inji, wadda ita ce ta fi ɗaure mini kai. Ciki ya lafa, zawo ya tsaya, na fara jin ƙarfi, kwatsam ana gab da salla komai ya dawo sabo. Na bi abin da na ci ɗaya bayan ɗaya ban ga alkama ba. Tuwon masara ne da miyar kuɓewa, na gida, ni na tuƙa da hannuna. Da na je asibiti, ma'aikaciyar nan ta tambaye ni, "A ina kike niƙa?" Washegari na ɗauki mayafi na tafi wurin mai inji da kaina, ban aiki yaro ba. Na tarar da layin robobi, kusan rabinsu alkama ce, matan unguwa suna shirin alkaki da funkason salla.

"Malam, sannu da aiki. Kana niƙa alkama a injin nan da kake niƙa mana masara?"

"Hajiya, mi ba a niƙawa? Kowa ya kawo nashi."

Na yi masa bayani. Mutumin kirki ne, ya kashe injin, ya kwance bakinsa ya nuna mini. Gari ne ya daskare a kowane lungu, tsakanin faranta, cikin mazurari, har a ƙyallen da yake ɗaurawa a baki garin yana bi ya sauka. Ya sa ɗan yatsa ya lakato ya ce, "Wannan na mutum nawa ne, Allah kaɗai ya sani." Ya ce in ina so ya riƙa zuba dusa ta wanke kafin ya zuba nawa. Na gode masa, amma na san ragewa za ta yi, ba kawarwa ba. Ƙa'idar da duniya ta yarda da ita ita ce kafin a ce abinci ba shi da gulutin, kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya. Ɗan abin da ya lakato a yatsa ya isa ya ɓata mini kwanon gari.

Mafitar da muka samu kashi uku ce. Markaɗen wake da shinkafa da gyaɗa na koma yi a gida da bilenda, in an kawo wuta, in ba a kawo ba a ta da janareto na ɗan lokaci. Geron fura da na kunu na sayi sabon turmi da taɓarya, nake surfawa in daka. Garin tuwo kuwa mai yawa, akwai ƙauyen su Gwaggo a hanyar Mashi, inda mai injin bai san wani niƙa ba sai gero da dawa da masara. Can Baban yara yake kai rabin buhu a niƙo, in zuba a bokiti mai murfi. A kicin ma na ware rariyata da muciyata da marata, don itace da raga suna riƙe gari komai wanki. Burodin yara a farantinsu ake yanka shi, da wuƙarsu. A hankali ma sai gidan ya bi ni, don babu mai ƙarfin girki biyu kullum. Yanzu kunu da ƙosai ne karin kumallonmu, burodi sai ranar da suka yi marmari.

Sannan aka zo kan ƙarin abinci. Abin da aka ce mini shi ne in ƙara kalori 300 zuwa 500, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, a kan abin da na saba ci a rana. Matsalar ita ce cikin ramamme ba ya ɗaukar malmala uku a zama ɗaya, ko an tilasta masa. Don haka dabarar ba ƙara girman kwano ba ce, ƙara wa lomar nauyi ne. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin 4 kacal. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Gyaɗa giram 100 ta haura 550. Ƙwai ɗaya yana da sama da 70, ga furotin giram 6. Da na gane wannan lissafi sai abin ya zo da sauƙi: cokalin man shanu a kan tuwo, gyaɗa a miyar taushe har ta yi kauri, ƙuli-ƙuli mai yawa a kwaɗon zogale, dafaffen ƙwai a gefen shinkafa da wake, a dambu kuma in zuba mai ba tare da jin kunya ba.

Kuma na daina jiran yunwa, na koma bin agogo. Bayan sallar asuba dabino da kofin kunu. Kafin in fita ƙosai ko soyayyen dankali da ƙwai. A jakata ta makaranta, kusa da jan biro, kullum akwai ƙullin daƙuwa ko kantun riɗi ko gyaɗa da ayaba, in an fita tara in ci. Abincin rana in na dawo, fura bayan la'asar, tuwo bayan magariba. Ruwa sai na gama ci nake sha, don in na fara da shi ya tare wurin.

Kunun gyaɗa shi ne ya fi yi mini aiki, shi ya sa zan faɗi yadda nake dama nawa. Ina zuba gyaɗa a faifai in tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ko ta motse, don irin wannan tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. In soya ta sama-sama, in murje ɓawon, in fece, in markaɗa da ruwa. Masu sayarwa suna tacewa sosai su tsinka shi don ya yi auki. Ni da rariya mai faɗin ido nake tacewa, madarar ta fito da kauri. In ɗora a wuta ina tsaye a kai, don da ka juya baya zai yi bori ya zube. Idan ya tafasa ƙarnin ɗanyar gyaɗa ya fita, in zuba ɗan jiƙaƙƙen tsakin shinkafa ya dahu a ciki, sannan in kawo ƙullin shinkafar da na markaɗa in zuba ina juyawa har ya kama jikinsa. Ruwan tsamiya a ƙarshe, bayan na sauke, da zuma in akwai, in babu sukari kaɗan. Kofi ɗaya na wannan ya fi mini faranti guda na taliyar da nake ci a da.

Madara ta ɗan ba ni matsala da farko. Duk ranar da na sha ta gari ko ta gwangwani sai ciki ya ɗauki ƙugi. Aka ce mini ba wata sabuwar cuta ba ce: sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan gashin hanjin nan yake zaune, da gashin ya goge sai ya tafi da shi, kuma yakan dawo in hanji ya warke. Kindirmo bai yi mini haka ba, saboda tsamin da ya yi ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Na samu wata Bafulatana da ke kawo mini nata har gida, na roƙe ta kada ta haɗa shi da komai, na fara da ludayi ɗaya ina ƙarawa. Bayan wasu watanni madarar ma ta daina damuna.

Ga kuma jini. Likita ya rubuta mini ƙwayar ƙarfe da folik asid, da bitamin D da kalsiyam saboda ƙashi, don cutar tana hana jiki samun su duka. Ƙwayoyin da na sha shekara da shekaru ba su yi aiki ba sai yanzu suka fara kamawa. Ina cin hanta lokaci-lokaci, zogale da alayyahu kuwa kusan kullum, in matsa lemon tsami a kai ko in bi da gwaiba, saboda bitamin C yana taimaka wa jiki ya ja ƙarfen da ke cikin ganye. Shayi akasin haka yake yi, shi ya sa na raba shi da lokacin cin abinci.

Watannin farko sikeli kamar an ɗaure shi. Ina jin sauƙi a jikina, jiri ya tafi, baki ya warke, amma allurar ba ta motsi, mutane kuma da ido suke auna lafiya. A lokacin ne wata abokiyar aikina ta jawo ni gefe a ofishin malamai, ta danƙa mini wata farar leda.

"Anti, ki daina wahalar da kanki da kunu. Wannan sati biyu ya isa, sai an kasa gane ki."

Ƙwayoyi ne iri biyu, ba kwali ba takarda, irin waɗanda ake ce wa sha-ka-fashe. Don Allah ta ba ni, ban yi shakka ba. Na ajiye su har ranar ganin likita na zube masa a tebur. Ya duba rubutun jikinsu ya ce ɗaya deksametason ce, ɗaya kuma sifroheftadin. Ta biyun maganin ƙaiƙayi da atishawa ce, tana sa barci da jin yunwa. Ta farkon ita ce mai haɗarin: tana tara ruwa da kitse a fuska da wuya da tumbi, hannu da ƙafa kuma su ƙara sirancewa, tana hau da jini da suga, ta fasa fata da nankarwa, ta cinye ƙashi. Ya ce ni da ƙashina ya riga ya yi shekaru ba ya samun kalsiyam, ita ce abu na ƙarshe da ya kamata in kusanta. Wanda kuma ya daɗe yana sha, ba a yanke ta rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Ina jin haushin yadda ake sayar wa 'yan mata masu shirin aure wannan abu kamar alawa. Kumburi ne ake saya da sunan ƙiba, kuma duk wadda ta san fuskar sha-ka-fashe tana gane ta daga nesa.

Abin da har yanzu ban gama iyawa ba shi ne kara. Mu ba a miƙo maka abinci ka ce a'a. A wani bikin dangi, Gwaggo ta kamo hannuna ta danƙa mini alkaki yana ɗigar zuma.

"Ci ko ɗan ɓalli ne, ɗiyata. Yi bisimilla, ba abin da zai same ki."

Na karɓa da hannu biyu na ce, "Gwaggo, na gode, Allah ya ƙara girma. Likita ne ya hana, amma jikokinki za su ci rabona." Ta ɓata rai, har ta ce likitan ya fi ta ne. Daga baya da ta ga na fara cikowa, ita da kanta take cewa a ware mini nakiya, tunda ta shinkafa ce, har tana yi wa masu aiki faɗa kada su haɗa mini a leda ɗaya da dubulan. Yanzu kafin in fita taro sai na ci na ƙoshi a gida, in an kawo abinci in ɗauki abin da na tabbatar da shi, kamar farar shinkafa da dafaffen ƙwai, sauran in yi ta hira ina juya cokali.

Azumin farko na tambayi likita kafin in ɗauka, ya ce zan iya, amma in na ga jiri ya dawo in ajiye. Na raba cin dare uku: buɗa-baki da dabino da kunu da ƙosan gida, abinci sosai bayan asham, sahur kuma tuwo da fura. Kwanukan da maƙwabta ke aikowa yara ne suke shan daɗinsu. Ban ƙaru ba a watan, amma ban ragu ba, na kuma gode wa Allah da hakan.

Daga wajen wata na huɗu ne sikeli ya fara tafiya, kusan kilo ɗaya a wata, wani watan ma bai kai ba. An ce mini hanjin babban mutum yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya gama warkewa, ba kamar na yaro ba. Dakan da nake yi ashe shi ma magani ne, don ma'aikaciyar abincin ta ce in ana ƙara ci ba a motsa jiki, a tumbi kawai zai taru. Taɓarya ta gina mini damtse da kafaɗa, ga tafiya makaranta a ƙasa da safe. Yanzu ina kilo 53, lissafin nan na nauyi da tsayi ya koma 20.7, gwajin tTG da aka maimaita ya sauka, jinina ya cika. A zuwana na baya-bayan nan cewa aka yi in fara rage man shanu da zuma, don hanjin da ya warke ba ya barin komai ya wuce, kuma akwai masu cutar da suke zarcewa har ƙiba ta zame musu wata matsalar.

Saura dangi. Likita ya ce a cikin 'yan'uwa na jini, iyaye da 'ya'ya da waɗanda ake ciki ɗaya, kusan 1 cikin 10 yakan kasance yana da cutar, wani ma ba tare da wata alama ba. Mun kai yaran an gwada su, ba a samu komai ba, amma an ce a sake dubawa in sun ƙara girma ko in an ga canji. Ƙanwata ce muke ta ja-in-ja da ita. Kullum cikin ƙarancin jini take, ga kumburin ciki irin nawa, amma ta ce ita ba mai raba ta da gurasa ana saura wata biyu bikinta. Mun yi da ita bayan biki zan raka ta asibiti da kaina, na kuma ja mata kunne kada ta ga ta fara tsorata ta daina cin alkama kafin a ɗebi jinin.